Yashin Darakta

Alhaji Maliki ya yi shekara talatin da biyar yana aikin gwamnati, sha ɗaya daga ciki yana mataimakin darakta a sashen sayen kaya na wata ma'aikata, kuma har ya yi ritaya ba a cire masa wannan mataimakin daga jikin sunansa ba. Sau uku ana ce masa takardar ƙarin girmansa tana kan tebur, sau uku teburin yana cinye ta. Matarsa Hajiya Aishatu ce ta gaji da ganin yana dawowa gida fuska a murtuke. Ran nan ta shigo da wata 'yar mage ja mai farin wuya, ta dire ta a tsakar gida, ta ce tunda gwamnati ta hana su darakta, to ga nasu sun samu. Sunan ya bi magen. Shekara tara ke nan kowa a layinsu na unguwar Malali ya san Darakta, har mai kawo musu ruwa in ya shigo sai ya tambayi lafiyarta.

Wani abin kuma da kowa ya sani, domin Alhaji bai bar kowa cikin duhu ba, shi ne gyaɗar safe. Kullum in ya dawo daga masallaci zai ji ƙaurin itace da ƙamshin suya daga kicin ɗin baya, kafin ya gama karyawa Hajiya ta cusa masa ƙullin soyayyiyar gyaɗa a aljihu, da ɗuminta. Ya addabi mutanen ofis da wannan gyaɗa. Sai ya kwance ƙullin a hankali inda kowa zai gani, ya ce, "Ku matanku sun taɓa hura wuta da sassafe saboda ku?" Bai taɓa ba kowa ko ƙwaya ɗaya ba. Bayan ritaya ma ba a fasa ba, wurin cin ne kawai ya koma kan benci a ƙofar gida.

A farkon damina Allah ya yi wa Hajiya rasuwa, bayan jinyar kwana shida. Da aka watse daga zaman makoki, ɗansu Sharhabil ya kwaso matarsa Ilham da ɗansu Fahad mai rarrafe daga Badarawa, suka dawo gidan don kada tsohon ya zauna shi kaɗai. Ilham ma'aikaciyar jinya ce, tana da kirki, kuma tana da tsaftar da ke sa mutum ya ji kunyar tafin ƙafarsa. Ta share kicin ɗin baya tas, ta kwashe murhu da wani baƙin kasko ta tura su sito, ta kafa gas.

A nan Darakta ta ɓalle. Magen da shekara tara ba a taɓa ganin ko ɗigon fitsarinta ba, ta zaɓi kusurwar kafet ɗin falo, daidai ƙarƙashin hoton Alhaji na ranar ritaya, ta mai da wurin bayan gida. Gaskiyar magana, Alhaji bai taɓa kawo wa ransa cewa mage tana kashi ba. Ya san tana ci, ya san tana barci, sauran kuwa ya bar wa ofishin Hajiya. Akwai dai wani tsohon tire mai faɗi a bayan kicin da marigayiyar take zuba wa yashi. Ilham ta wanke shi, ta cika shi daga ragowar yashin gini da ke bayan gida. Darakta ta shinshina sau ɗaya ta juya, ta koma falo.

Ranar wata Lahadi Ilham ta cafke Fahad saura taki ɗaya hannunsa ya kai ga abin. Ba ta yi ihu ba. Ta wanke yaron, ta wanke kafet, sannan ta zo ta durƙusa gaban surukinta.

"Baba, don Allah ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Yaron nan komai ya gani baki yake kaiwa. Ba zan iya zuwa aiki hankalina a kwance ba."

Sharhabil ya ƙarasa mata yana kallon ƙasa. Akwai wani abokinsa mai gonar kaji a hanyar Zariya, ɓeraye sun dame shi, zai karɓi magen hannu bibbiyu. Ranar Asabar zai aiko da mota.

Alhaji ya san gaskiya suke faɗa, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Amma tun rasuwar Hajiya magen nan ce ke kwana a gefenta na gado, ita yake gaya wa an kawo wuta, ita yake gaya wa gwiwarsa ta motsa. An raba tufafin Hajiya, an raba kwanukanta, turarenta ma ya gama fita daga labule. Ya tabbata a ransa cewa ranar da magen nan ta bar gidan, ranar Hajiya za ta ƙarasa fita.

"Ku ba ni zuwa Asabar ɗin," ya ce. "In ba ta daina ba, da hannuna zan saka ta a motar."

Wani mutum da sai ya je ya tambayi mata. Alhaji Maliki kuwa kwamiti ya kafa. Abin da ya iya ke nan, kuma a saninsa duk matsalar duniya daga rashin bin ƙa'idar sayen kaya take. Ya naɗa kansa ciyaman, ya naɗa maƙwabcinsa Malam Datti sakatare. Malam Datti tsohon safiyo ne da ya yi ritaya, wanda zaman banza ya kusa kashewa, don haka ya iso da sabon fayil da biro kala biyu tun kafin a gama yi masa bayani. Zaman farko ya ci musu yini guda, rabinsa a kan sunan kwamitin. Suka tsaya a kan Kwamitin Tantance Abin Zuba wa Darakta.

Ranar Talata suka dira a wani babban kanti mai sanyi. Wata budurwa mai tsaron kaya ta kai su wani lungu cike da buhunan abin da ake zuba wa maguna su yi bayan gida, Alhaji ya tsaya baki buɗe. Ashe duniya ta yi nisa ba a gaya masa ba.

"Baba, wane iri kake so? Akwai mai dunƙulewa in ya jiƙe, akwai mai kama da gishiri, akwai na katako, akwai mai ƙamshin lemo."

"Duk wannan don mage ta tsuguna?"

"Akwai mai ƙamshin fure ma, amma ya ƙare."

Malam Datti ya ɗebi na katakon daga buhun da aka buɗe don gwaji, ya rantse abincin kifi ne aka canja wa buhu. Budurwar ta ce yawancin mutane ɗaya suke ɗauka. Alhaji ya dube ta da tausayi, ya ce a shekara talatin da biyar bai taɓa sa hannu a kan kaya daga hanya ɗaya ba. Suka ɗauki duka huɗun. A hanyar gida Malam Datti ya kawo ƙorafin cewa an danne kayan cikin gida, aka biya wajen kafinta aka ɗebo garin katako, aka biya wajen injin casa aka ɗebo ɓuntun shinkafa, aka roƙi mai ƙosai toka.

Washegari aka jera roba bakwai a baranda, kowace da lambarta. Aka zana takardar maki: laushi, ƙamshi, shan ruwa, ƙura. Malam Datti ya tuɓe takalmi ya taka kowace roba da ƙafarsa, domin a cewarsa kwamiti ba ya yabon abin da bai gwada ba. Alhaji yana binsa da buta yana tsiyaya ruwa yana duba agogo. Ilham ta leƙo ta taga, ta ga dattawa biyu masu furfura sun sunkuya suna shinshina jiƙaƙƙiyar toka, ta saki labulen a hankali. Mai kama da gishirin ne ya zo na ɗaya. Ɓuntu ya zo na biyu, Malam Datti ya nemi a rubuta cewa bai gamsu ba.

Sannan aka ɗauko Darakta.

Ta bi layin robobin nan ɗaya bayan ɗaya, wutsiya a sama, ba gaggawa, yadda manya ke duba aikin da sun riga sun san ba za su karɓa ba. Ta sa ƙafa ɗaya a wanda ya zo na ɗayan, ta cire, ta kakkaɓe ta sau uku. Mai lemon ya sa ta atishawa. Ta shiga ɓuntu ta juya ta juya, kwamiti ya riƙe numfashi, Malam Datti har ya ɗaga biro. Ta kwanta ta yi barcinta na awa biyu. Da ta tashi ta yi miƙa, ta ratsa ta tsakanin ƙafafun ciyaman ta shige falo.

"Ciyaman," in ji Malam Datti bayan sun gama wanke kafet da kansu kafin Ilham ta gani, "mai amfani da kaya ta ƙi karɓa. Ni a ganina mu koma ga yashi, tunda shi marigayiya take zubawa. Na bayan gidan nan ya tsufa ne, ya sha ruwa ya sha rana. A samo sabo daga rafi."

Aka kira Ya'u, wani Bazamfare direban tifa da ke zaune a Unguwar Shanu. Alhaji ya ce masa kamar kwano biyar yake so.

"Alhaji, ni tihwa nika tuƙi, ba baro ba. Mu ba mu san kwano ba. In cika ta in kawo, ko in bari."

Ranar Alhamis da hantsi tifa ta ɗaga baya ta juye yashi a ƙofar gidan, ya toshe get ruf, motar Sharhabil tana ciki. Aka ɗebi kwano ɗaya daga tsaunin nan aka kai wa Darakta. Ko kallo bai ishe ta ba. Ya'u ya murza yashin a tafinsa ya girgiza kai.

"Ai kun yi kuskure. Wanga na gini ne, kaushi garai. Mussa ƙahwatta taushi gareta, na hilasta taka so."

"Me ya sa ba ka faɗa ba tun farko?"

"Ba ku tambaye ni ba, Alhaji. Ni an ce yashi, na kawo yashi."

Kafin la'asar tifa ta biyu ta juye nata kusa da na farko, ta cinye rabin titi. Maƙwabta suka fara shigowa yi wa Alhaji murna, wai ashe bene zai ɗora bai gaya wa kowa ba. Magina biyu suka zo neman aiki. Sharhabil ya dawo a keke napep, ya hau ta kan yashi da takalmin ofis, ya diro cikin gidan ubansa. Kafin magariba labari ya kai ga magunan Malali. Baƙaƙe, farare, masu kunne ɗaya, har da wata mai ciki, suka yi ta hawa tsaunukan nan biyu suna biyan buƙata cikin walwala. Malam Datti ya rubuta a fayil cewa kayan sun samu karɓuwa wajen jama'a. Darakta tana kan katanga tana kallonsu, da ta gaji ta sauko ta shige falo.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Alhaji ya zauna a kan bencinsa tsakanin yashin gini da yashin filasta, ya rasa abin da ke masa daɗi. Malam Datti ya kawo shawarar a nemi ƙarin wa'adi, Alhaji ya ce masa ya je gida. Tsoro ne ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba ko a asibiti, domin a asibiti bai yarda Hajiya za ta mutu ba, gobe kuwa ya san mota za ta zo.

Yana nan zaune wata mata ta zagayo ta gefen yashi da ƙwarya a kai, tana salati. Ya gane fuskar amma bai san sunan ba, ɗaya ce daga matan da ke shiga wajen Hajiya ta ƙofar baya. Ta sauke ƙwaryar ta durƙusa. Ta ce ita ce Harira mai gyaɗa, tana Funtuwa wajen jegon 'yarta wata uku, jiya ta dawo aka gaya mata. Ta yi kuka mai isarta, ta yi addu'a, Alhaji yana amsawa. Ta tura masa ƙwaryar, ta ce tiya biyu ce ta ɗanyar gyaɗa, ta riga ta ware wa Hajiya tun daga can, ba za ta iya sayar wa wani ba. Ta share ido da bakin mayafi, ta dubi yashin dama da na hagu.

"Gini za a yi, Alhaji?"

"Na mage ne."

Harira ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Ta gyaɗa kai ta ce, "Allah sarki Darakta. To yanzu wa ke soya mata?"

"Soya mata me?"

"Yashin mana."

Alhaji ya ɗauka kukan ne ya taɓa ta. Sai da ta yi masa bayani dalla-dalla. A gidanta aka haifi magen, cikin damina, a gindin murhun da take suyar gyaɗa. Kowa ya san da yashi ake suyar gyaɗa don kada ta ƙone, to in ta gama takan zubar da yashin a gefe da sauran zafinsa, a nan 'yar magen ta koyi tsuguno. Da Hajiya ta ɗauke ta, kwana uku tana ɓata mata ɗaki, har ta dawo ta tambaya. Tun daga ranar, kullum da safe Hajiya takan ɗebi yashi ta zuba a kasko, ta watsa gyaɗa cikin hannu ɗaya, ta soya, ta tankaɗe gyaɗar, ta bar yashin ya huce zuwa ɗumin ruwan wankan jariri, ta juye a tire. Magen nan ba ta taɓa tsugunawa a yashi mai sanyi ba tunda take.

Abin da ya fara zuwa wa Alhaji shi ne gyaɗar da ya yi shekaru yana ci.

"Tsaya. Yashin da... shi ake mayarwa kaskon?"

"A'uzubillahi! Alhaji, Hajiya hwa muke magana. Sabo take ɗiba kullum, ta wanke shi tun dare ta shanya."

Ya sauke numfashi. Amma abu na biyu ya biyo baya, kuma ya fi na farkon ciwo. Ya tuna kansa a ofis yana kwance ƙulli a gaban mutane, yana tambayarsu ko matansu sun taɓa hura wuta saboda su. Kunya ta rufe shi har wuya.

"Ke nan shekara tara ragowar mage nake ci," ya ce. "Ita aka hura wa wutar, ni aka ba ni abin da rariya ta tare."

Harira ta dube shi kamar yadda ake duban yaron da ya faɗi wauta a gaban baƙi.

"Mage ina ruwanta da gyaɗa? Ɗumi kawai take so. Yashi zalla ma in an ɗumama ya ishe ta. Ni da nake sayar mata na sha gaya mata ta daina wahalar wanke yashi da ɓarnar gyaɗa. Sai ta yi dariya ta ce a'a, ita daraktoci biyu take sallama da wuta ɗaya."

Alhaji ya sunkuyar da kai yana kallon ƙwaryar. Harira ta yi sallama ta zagaya ta gefen yashin filasta ta tafi.

Ranar Asabar yana dawowa daga sallar asuba ya buɗe sito. Ya jawo murhun, ya jawo baƙin kaskon, ya samu rariyar da sakainar juyawa a cikinsa inda Ilham ta haɗa su. Mutumin da bai taɓa dafa ruwan shayi ba ya tsuguna cikin farar jallabiya yana hura itacen da damina ta jiƙa. Hayaƙi ya cika gidan, Sharhabil ya fito a guje ya ɗauka gobara ce. Ya tarar da ubansa yana juya yashi a kasko da sakaina, ido jawur, ya juya ya dubi matarsa. Ilham ta miƙa masa Fahad, ta ɗauko murfin tukunya ta durƙusa tana fifita wutar.

Gyaɗar ta ƙone, rabi baƙa ƙirin, rabi ɗanya. Alhaji ya tankaɗe ta a rariya ya ajiye gefe. Ilham ce ta riƙa taɓa yashin da bayan hannu, tunda ita ta san ɗumin ruwan jariri, har ta ce ya yi. Ya juye a tsohon tiren.

Ba wanda ya kira Darakta. Tun da ƙamshin ya tashi tana bakin ƙofar kicin a zaune. Ta taho ta sa ƙafa ɗaya, ta tsaya, ta sa sauran ukun. Ta tona, ta juya, ta gyara tsayuwa, sannan ta ɗago ta kafe su da ido. Alhaji ne ya fara ganewa, ya juya mata baya. Sharhabil ya juya da yaro a kafaɗa, Ilham ta juya. Suka tsaya su uku suna kallon katanga, har suka ji ƙarar ƙafa tana tura yashi tana rufewa.

Sharhabil ya shiga ɗaki neman waya don ya ce kada a aiko da mota. Daidai nan Malam Datti ya hauro ta kan yashin gini da fayil a hammata, yana haki, yana tambayar me za a rubuta a rahoton ƙarshe.

Alhaji bai ji shi ba. Ya samu wata 'yar leda ya zuba ƙonanniyar gyaɗar, ya ƙulle bakin kamar yadda ya saba gani, ya rasa wanda zai miƙa wa, sai ya saka a aljihunsa. Ɗumin ya ratsa jallabiyar ya taɓa cinyarsa, daidai wurin da ya saba ji. Ya zauna a kan dakalin kicin. Bai yi kuka a makabarta ba, bai yi a zaman makoki ba, yau ya yi shi da sauti, a gaban surukarsa da maƙwabcinsa da mage.

Malam Datti ya rufe fayil ɗin ya zauna kusa da shi. Da abin ya lafa, Alhaji ya ciro ƙullin ya kwance, ya miƙa masa. Malam Datti ya san tarihin wannan gyaɗa, shekara huɗu yana zaune a benci ɗaya da ita bai taɓa ɗanɗanawa ba. Ya ɗauki ƙwaya biyu ya tauna, fuskarsa ta yamutse.

"Ciyaman, ta ƙone."

Alhaji ya share fuska da hannun riga, ya dubi kaskon.

"Na sani," ya ce. "Gobe zan rage wuta."